Eppo Mai Fasa Tayil da Dokin Sint

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina maƙwabtaka da Eppo Bolhuis, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin girkina da nasa. In ya yi tari daga can, ni nake cewa sannu daga nan. Ni ce kuma na kusa kashe shi bara, da bakina kawai. Shi ya sa na ce gara in ba da labarinsa da kaina, kafin matan coci su riga ni su ƙara masa gishiri.

Sunana Harmke. Aji shida na yi na fita, na shiga kamfanin tattara ƙwai, na yi shekara ashirin da tara ina jera su a kiret. Mijina Lubbert ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana biyu suna Rotterdam, suna kira ranar Lahadi in sun tuna. Abin da na iya a duniya ƙwai ne da tsokana.

Shi Eppo a cikin jirgin ruwa aka haife shi, ubansa yana dakon dankali a rafukan lardin Groningen. Yana shekara goma sha huɗu aka kai shi masana'antar tayil ɗin rufi da ke bakin rafin ƙauyenmu, yana tura yumɓu a baro. Da ya kai ashirin da huɗu aka ba shi aikin da ban taɓa jin irinsa ba, wato fasa tayil. Duk wanda aka gasa aka fito da shi, sai a ɗebo masa guda goma. Ya ɗora ɗaya a kan sanduna biyu, ya yi ta murɗa wata na'ura tana danna shi har ya ce ƙas, shi kuma ya rubuta nauyin da ya fasa shi. Shekara talatin da huɗu yana wannan. Ranar da aka rufe masana'antar, abokan aikinsa kowa ya ɗauki agogon bango ko kujera, shi kuwa tayil ɗari huɗu ya yi ta turowa gida a baro, ya jibge a bayan ɗaki.

“Maƙwabci,” nakan ce masa, “kai kaɗai ne a ƙasar nan aka ɗauka aiki don ka yi ɓarna.”

“Awo nake yi, Maƙwabciya.”

Dogo ne siriri, kunnuwansa kamar marfin tukunya. In ka ce masa kana zuwa nan da minti biyar, sai ya duba agogo. Yana da wani tsohon littafin fizik, wato kimiyyar nauyi da motsi, da ya saya a gwanjon coci, bangon ya cire, ya ɗaure shi da roba. Saboda littafin nan na raɗa masa Farfesa, kuma har yau bai taɓa amsawa ba.

Matarsa Martje gajera ce mai dariya da dukan jiki. Shara take yi a makarantar firamare, ita ma aji shida ta yi kamar ni. Amma a ƙuruciyarta, in rafi ya daskare, ba macen da ke kama ta a tseren zamiya a kan ƙanƙara, har mazan ma sai sun yi da gaske. Allah bai ba su haihuwa ba.

Shekarar da muka tare a gidan nan suna da shekara goma sha biyu da aure, kuma a shekarar ne likita ya ce musu su daina sa rai. Ga Disamba ta kama, lokacin da kowane yaro ke ajiye takalminsa gaban murhu da karas a ciki, don farin dokin Sint, tsohon nan mai jar alkyabba da ke bin kan rufin gidaje yana zuro kyauta ta bututun hayaƙi. Yarana suka tsaya gaban murhunmu suna rera masa waƙa iya ƙarfinsu, bango kuwa ga yadda yake. Martje ta gaya min daga baya cewa tana zaune tana ji, sai kawai ta cire takalminta ƙafa ɗaya, ta sa karas, ta ajiye gaban nasu murhun. Mace mai shekara talatin da biyar.

Wani mijin rungume ta zai yi. Eppo gyara tabarau ya yi ya ce, “Martje, ko da akwai shi, doki ba zai iya taka rufinmu ba. Tayil ɗinmu kilo ɗari da tamanin yake ɗauka. Doki da mahayi da buhu sun haura ɗari shida, kuma in doki na tafiya akwai lokacin da ƙafa biyu ce kawai a ƙasa.”

Wai lallashi ke nan.

Washegari ya zura ƙafa a takalminsa ya ji takarda. Waƙar tsokana ce, irin wadda manya ke haɗawa da kyauta a wannan lokacin, a sa hannu da sunan Sint, kuma ko ka gane rubutun matarka ba ka isa ka ce ita ce ba. Waƙar ta ce dokin ba ya taka tsakiyar tayil, kan ƙashin bayan rufi yake bi, inda katako yake a ƙasa. Eppo ya karanta, ya juya wa murhu ya ce, “Na gode, Sint,” kamar yadda ake yi, sannan ya ɗauko fensir.

Daga nan abin ya zauna. Kowace shekara ranar huɗu ga Disamba da yamma, takalma biyu gaban murhu, nasa da nata. Da safe shi ya tarar da sabuwar hujja a waƙe, ita kuma ta tarar da amsar hujjar bara, shafi uku ko huɗu na lissafi da zane, da harafin M na cakulan, farkon sunanta, irin wanda ake sayarwa a shaguna a watan. Shekara guda cur yake da ita ya shirya amsa, kuma yana cinye ta duka. Wata shekara ta ce ana shimfiɗa wa dokin tsani a kwance ya bi ta kai, Eppo ya yi wata huɗu yana zanen tsani. Wata shekara ta ce dokin da ba ya cin komai sai karas ai ba zai yi nauyi ba. Mutumin nan ya hau keke ya bi gonaki har ya samo dokin da ya fi kowane ramewa, ya roƙi mai shi suka kai shi ma'aunin da ake auna motocin dankali. Kilo ɗari uku da casa'in. Ya dawo yana murna kamar an ce masa Martje na da ciki.

Ni ina ta wannan gefen bango ina jin su.

“Tsohona, in babu shi, wa ya cinye karas ɗin?”

“Ke ce, Martje. Na gan shi a miya.”

“To ka rubuta a lissafinka.”

Shekara talatin da bakwai suka yi a haka. A ta kusa da ƙarshe Eppo ya zo da abin da yake ganin ya kashe magana. Ya ce a ƙaddara gidaje miliyan biyu ne masu yara a ƙasar nan, Sint kuma awa goma yake da ita. Kenan dole dokin ya sauka a kan rufi hamsin da biyar kafin ka ce ɗaya. Har gidana ya kawo takardar ya nuna min. Na ce, “To ai shi ya sa ba a ganinsa, Farfesa.” Ya kwashe takardarsa ya fita.

Shekarar da ta biyo baya Martje ba ta iya saukowa daga bene, ciwon ya ci ta. Ni ta kira, ta ba ni takarda a naɗe ta ce in sa a takalminsa in ya fita sayo magani. Na karanta a kan matakala, ai kun san ni.

Eppo mai awo, Eppo mai gardama,
Kai ka ce dokina gudu yake kamar iska.
Mai zamiya kan wuce siririyar ƙanƙara,
In ya yi sauri ba ta samun damar fashewa.
To kofato fa? Sai ka ba ni amsa.

Na koma sama na ce, “Martje, da sandarsa kika buge shi.” Ta yi 'yar dariya, abin da ya rage mata, ta ce, “Wannan zai riƙe min shi.” Ni a lokacin na ɗauka nufinta ta kayar da shi. A watan Fabrairu ta rasu, Allah ya jiƙanta.

A layinmu ba a rufe labulen falo sai in an yi mutuwa, ko kana da abin ɓoyewa. Bayan an binne ta da mako guda Eppo ya buɗe nasa, ya jawo tebur bakin taga, ya zauna da littafin fizik da fensir. Duk wanda ya wuce zai gan shi a nan daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Da rana ya fita bayan ɗaki wurin tayil ɗinsa, ya rataya ƙarfe a igiya ya saki, ya tsuguna ya duba, ya rubuta. Ba wanda ke zuwa masa. Ɗan ƙanwarsa ɗaya yana Kanada, kati yake aikowa. Abokan aikinsa sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba ya hau keke ya je maƙabarta, ranar Juma'a ya sayo kifi guda ɗaya. In ka cire waɗannan, abin da ke tayar da Eppo daga gado layi biyar ɗin nan ne kawai. Ban da su babu komai, kuma ina kallo, na sani.

Disamba ta zo, na leƙa ta taga. Takalma biyu gaban murhu, karas a nasa. Da safe na ga ya ɗauke karas ɗin ya mayar kwando, ya ɗauki M ɗin da ya saya ya sa a kabad. Takalmin Martje ba takarda.

“Farfesa, ina amsa?”

“Lissafin bai kammala ba.”

Shekarar da ta biyo ma haka. M biyu a kabad.

Ni dai tsokana nake yi ta kan shinge, don in ba shi ba wa zan tsokana? Kyanwa? Nakan ce, “Yau tayil nawa suka riga mu gidan gaskiya?” ko in ce, “Sint ya aiko a gaishe ka, ya ce yana jira.” Yakan ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. A wurin Eppo wannan hira ce.

Bara, ana saura kwana tara a ajiye takalma, na fito shanya. Iskar teku tana yanka kunne, shi kuma yana tsugune a cikin rigar sanyin da Martje ta saƙa masa, gwiwar hannu ta huje. Da safen nan 'yata ta kira ta ce ba za su samu zuwa ba bana ma, saboda haka bakina da ɗaci ya fito. Ba uzuri nake nema ba, faɗa nake yadda aka yi.

“Farfesa,” na ce, “ka haƙura mana. Shekara kusan uku! Mai shara, 'yar aji shida, ta kayar da kai daga cikin kabari. Ka je ranar Laraba ka ce mata ta ci, mu huta da ƙarar nan.”

Bai ɗaga hannu ba.

“Ko littafin ne ya ƙare? Shekara talatin da huɗu kana fasa tayil, ashe ba ka san abin da ke fasa shi ba. Da ni aka bai wa aikin.”

Sai ya miƙe. Ya ɗauki tayil guda ya ɗora a kan sanduna biyu a kan shingen, dab da hancina. Ya ɗauko ƙaramar guduma, ya ɗora kanta a hankali a tsakiyar tayil ɗin ya bar ta.

“Ya fashe?”

“A'a.”

Ya ɗaga gudumar ya buga sau ɗaya. Ɓaraguzan har cikin kwandon wankina.

“Ta daɗe a kai?” ya ce. “Gudumar ta daɗe a kai, Maƙwabciya? Ƙanƙara a kan ruwa take kwance. Kafin ta lotsa sai ruwan ya matsa, ruwa kuma yana son lokaci, shi ya sa mai sauri ke wucewa. Me ke ƙarƙashin tayil? Iska. Ba abin da ke tare masa. Kofato mai sauri guduma ne. Shi ke nan. Layi uku ne amsar.”

Na buɗe baki na ce, “Kai! Yaushe ka gano?”

“Da safen da na karanta. Kafin gahawata ta huce.”

“To me kake yi shekara uku, bawan Allah?”

Ya dubi gudumar a hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ba. Ya ce, “Muddin ban ba da amsa ba, ni ake jira. In na bayar, wa zai kawo wata?”

Ya ajiye gudumar a kan shinge ya shiga gida. Ina tsaye da rigar barci jiƙaƙƙiya a hannu na ji ƙarar zoben labule.

Kwana ɗaya, kwana biyu, labule a rufe. Ba ƙarar tayil. Laraba ta zo keke bai fito ba. Ina kasa kunne a bango, sai in ji tari ɗaya, in ce sannu, shiru. Da ma ba ya amsawa, amma shirun ya canza. A kwana na biyar na dafa miyar wake na zagaya ta ƙofar baya, don a nan ba mai shiga gidan maƙwabci ta gaba sai ɗan sanda. Takalmansa na katako na aikin lambu suna bakin ƙofa inda ya cire su ranar, ruwan sama ya taru a ciki.

Yana zaune a ɗakin girki bai yi aski ba. Littattafan lissafinsa na shekara da shekaru ya ɗaure su da igiya ya ajiye kusa da ƙofa, inda ake ajiye tsofaffin jaridu don masu kwasa. Littafin fizik a sama.

“Maƙwabci, ga miya.”

“Ajiye.”

“Ka yi haƙuri. Bakina ne, ka san shi.”

“Ba ki yi komai ba. Tambaya kika yi, na ba ki amsa.”

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Na ce, “Saura kwana huɗu a ajiye takalma.” Ya ce, “Yara ke wannan.” Da na koma ɗaukar kwano washegari, miyar tana nan ta yi fata.

Sai a lokacin maganar Martje ta dawo min, wannan zai riƙe min shi. Wataƙila ta ɗauka hujjar ta fi ƙarfinsa. Wataƙila kuma ta san tsohonta sarai, ta san zai gane kuma ba zai faɗa ba. Ko wanne ne, igiyar da ta ɗaure shi da ita ni na tsinka, a kan shanya.

Abu ɗaya ne zai yi magani, sabuwar hujja. To daga ina? Ni ban san nauyi ba sai nawa, kilo casa'in da huɗu. Na zauna da biro na yi tunanin fukafukai, Martje ta yi wannan tuntuni. Na yi tunanin balan-balan, ta yi. Matar nan ba ta bar wa kowa komai ba. Ina cikin haka na tashi in soya ƙwai, na buɗe kiret, sai na tsaya.

A kamfaninmu akwai wasan da muke wa sababbin ma'aikata. A ajiye kiret mai ƙwai talatin a ƙasa, duk a tsaye, a ɗora faifan katako a kai, a ce wa yarinya ta hau. Ta yi ta ihu ba za ta hau ba, sai babbarmu ta hau da kanta, ƙatuwar mata, ta tsaya tana shan taba. Ko ɗaya ba ya fashewa. Na tambaye ta dalili wata rana ta ce, “A lanƙwashe suke, ke dai yi aikinki.” Na leƙa taga na dubi rufin Eppo. Kowane tayil a lanƙwashe, kamar an yanka ƙwai a tsaye.

Na san Eppo, ba za a kai masa magana ba gwaji ba. Na sayo kiret biyu. Na farkon na hau da gaggawa, ƙafa ɗaya a gefe, bakwai suka fashe, faifan ya zame, na zauna daɓas a cikin sauran. Kyanwa ta yi biki. Na biyun na dafa tebur, na hau a hankali, na saki hannu. Ga ni tsaye a kan ƙwai talatin, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, ni kaɗai a ɗakin girki, ba ma wanda zan ce wa zo ka gani.

Waƙar ta fi hawan wahala. Kwana biyu na yi a kanta.

Eppo mai guduma, sannu da fasa,
Tayil ka sani, ƙwai ne ba ka iya ba.
Talatin a kiret sun ɗauki ƙatuwar mata,
Don kowane a lanƙwashe yake, ga 'yan'uwa.
Je ka dubi rufinka, ka ga ko miƙaƙƙe ne a sama.

Na so in rufe da “sai ka ba ni amsa”, har na rubuta, na soke. Wannan layin na Martje ne.

Ranar huɗu ga wata da yamma na kai masa dankali, na saci kallon murhu. Ba takalmi ko ɗaya. To tunda bai ajiye ba, Sint zai yi da abin da ya samu. Da sassafe na zagaya, na zubar da ruwan da ke cikin takalminsa na katako, na goge da gefen zanina, na sa takardar a leda na tura ciki. Sai na tuna ba karas, kuma dole a ga shaidar doki ya zo. Na koma na ɗauko nawa, na gatsa don in bar guntun. Haƙoran roba gare ni. Na sama suka maƙale a karas ɗin suka fito tare da shi. Na tsaya a ƙofar mutum cikin sanyi ina ɓamɓare haƙorana daga karas, ina roƙon Allah kada ya buɗe. Na ajiye guntun, na ƙwanƙwasa da ƙarfi sau uku, na gudu, in za a kira wannan gudu.

Ranar ban ji komai ba. Na ji ƙofa ta buɗe ta rufe, shi ke nan. Duk layinmu yara na ihu da kyaututtuka, ƙamshin kek ta ko'ina, ni ina zaune kusa da bango da sauran ƙwai ashirin da wani abu. Na yi tunanin ko ya ɗauka raini ne. Na yi tunanin ko na ƙara taɓa abin da ba nawa ba. Labule bai motsa ba.

Washegari wajen ƙarfe goma aka buɗe ƙofata ta baya. Eppo ne, ya yi aski har ya yanke haɓa. Takardar a hannu ɗaya, guntun karas a ɗayan.

“Maƙwabciya, Sint ya zo gidana.”

“Haba? Kai da ka ce ba zai iya ba.”

“Dokinsa ya tsufa.” Ya ajiye guntun a kan teburina. “Na auna cizon. Faɗinsa bai kai na doki ba, kuma haƙoran a jere suke ƙwarai. Sai ka ce saye aka yi.”

“To dabba ma ai tana zuwa asibiti yanzu.”

“Waƙar kuma ta lalace. A da ya fi haka iyawa.”

“Tsufa ne, Farfesa. Kowa yana yi.”

Ya zauna ba a ce masa ya zauna ba, karo na farko a shekara arba'in. Ya shimfiɗa takardar ya danne da yatsa. “Maganar 'yan'uwa, wato raba nauyi, an riga an kawo ta shekarar tsani, na kuma amsa. Wannan sata ce.” Ya gyara tabarau. “Maganar lanƙwasa kuwa ba a taɓa kawowa ba.”

Na zuba masa gahawa. Ina kallonsa yana kallon takardar, gahawar tana hucewa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa kaɗan. Na san wannan motsin. Tambaya ta zo min har kan harshe, na haɗiye ta da gahawa mai zafi har na ƙone.

“Akwai sauran ƙwai?” ya ce.

“Ashirin da shida.”

“Talatin nake so. Da faifan.”

“Wane faifai?”

“Na ji faɗuwar ta bango, Maƙwabciya. Agogona sai da ya karkace.”

Ya ɗauki kiret ɗin ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, “Amsa sai baɗi. Wanda ya san yana jira ya ajiye takalminsa a ƙofar baya.” Sannan ya ɗaga kai wajen murhuna, ya ce da ƙarfi, “Na gode, Sint.”

Da rana ya buɗe labule, rabi. Har yau rabi ne. Ya kwance igiyar littattafan, teburin ya koma bakin taga, ranar Laraba keke ya fito. Ba zan ce ya dawo yadda yake ba. Yakan zauna awa guda fensir bai taɓa takarda ba, yana kallon kujerar da ke gefen murhu. Da na shiga ɗaukar kwano a makon nan na ga kabad a buɗe, M uku a jere, na farkon ya yi fari don daɗewa. Ashe bara ma sai da ya saya, tun kafin in buɗe bakina. H na sunana kuwa ban gani ba, ban kuma sa rai ba.

Yanzu muna cikin Oktoba. Ya kai shekara tamanin a watan jiya, na yi masa kek da ƙwai shida, ya ce da biyar ma ya isa. Bayan ɗakinsa ƙarnin ƙwai ya hana ni shanya, kuma kullum sai na gaya masa. Ko ya san amsar tun kafin gahawar nan ta huce, ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Damuwata ɗaya ce. Saura mako bakwai, zai zo da shafi huɗu ya sa a takalmina, kuma dole ya tarar da wani abu a nasa. Ni kuwa ƙwai kaɗai na sani, na kuma riga na kashe shi. Kwana uku ke nan ina zaune bakin taga ina kallon yadda kyanwata ke taka rufin rumfar keke, ko Allah zai sa in ga wani abu.